Kabad ɗin kwali

Kabad ɗin da na fara haɗawa da hannuna, wata uku ya soma rawa kamar haƙorin tsoho. Laifina ne, gaggawa na yi. Katakon ma ai garin katako ne aka matse, ka cika ɗaure noti sai ramin ya zarce.

Jiya da na haɗa na biyu, sai da na ɗiga gam a ramukan 'yan turakun nan na katako da ke haɗa falankan, ban ɗaure komai tamau ba har kowane falanki ya zauna. Na auna kusurwa zuwa kusurwa da tef, suka zo daidai, sannan na buga falankin baya da ƙusoshi kusa-kusa. Ashe siririn falankin nan da na raina shi ke hana shi karkacewa!

Na kuma kafe shi a bango, saboda Auta akwai hawa.