Almakashi, gam da tsohuwar mujalla: yadda muke koyar da ƙagaggen labari a Katsina

Ajin namu ɗan ƙarami ne, ɗaki ɗaya a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ba ma ɗaukar fiye da mutum 12 a zama guda. Kayan aikin ma ba su da yawa: almakashi huɗu, gam, farin kwali, ambulan, agogo, sai tarin tsofaffin mujallu. Mafi yawan ɗalibanmu 'yan sakandare ne da matan aure, wasunsu da niyyar shiga Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa. Matsalarsu iri ɗaya ce. Ka miƙa wa mutum farar takarda ka ce ya rubuta labari, sai ya yi ta tauna biro. Ka ajiye masa hoto a gaba, kafin minti biyu hannu ya fara tafiya.

Samun mujallar shi ne aikin farko, kuma abokan takararmu a nan masu tsire da masu ƙosai ne, don su ma takardar suke nema. Mukan bi masu sayar da tsofaffin jaridu da gidajen ma'aikatan da suka yi ritaya, mu saya a dunƙule. A cikin mujalla guda da wuya ka fitar da hoto shida masu amfani. Sauran ko tufafin ba su dace da ajin da iyaye suka turo 'ya'yansu ba, ko fuskar sananniya ce.

Wannan na biyun ya fi ɓata aiki. Da zarar ɗaliba ta gane jarumin Kannywood a hoto, ta daina ƙirƙira, ta koma ba da labarin auren da ta ji ya yi. Shi ya sa muka fi son baƙuwar fuska: tsohuwa zaune kusa da buhun gero, yaro riƙe da linzamin doki ranar hawan salla yana kallon wani abu da ba ya cikin hoton. A yanke rubutun da ke ƙasa gaba ɗaya, a manna hoton a kwali, a sa lamba a baya, a saka shi a ambulan.

Ga yadda zaman yake tafiya. Kowa ya zari ambulan ba tare da ya leƙa ba. Minti uku na kallo, babu rubutu. Sai mu rubuta tambaya biyu a allo: me ya faru jim kaɗan kafin a ɗauki hoton nan, kuma wane ne yake tsaye a gefe da kyamara ba ta kama ba? Daga nan minti 15 na rubutu, ba gogewa, ba komawa baya. Tambaya ta biyu ita ce maganin kuskuren da kusan kowane sabon ɗalibi yake yi, wato siffanta hoton kawai: ga mace, ta sa atamfa shuɗiya, tana murmushi. Wannan bayani ne, labari bai fara ba tukuna. Amma idan aka ce kishiyarta ce a gefe, ko mai bin ta bashi, murmushin nan ya sami dalili.

Akwai kuma na kanun labarai. Mukan yanka kamar 40 mu zuba a ƙwarya, kowa ya ɗebi biyu, dole ya haɗa su a labari ɗaya ko da ɗaya na farashin taki ne ɗaya na ƙwallon ƙafa. Kanun Turanci muna rage su ƙwarai, domin ɗalibi yakan ɓige da fassara, jimlarsa ta fito Hausa a baki Turanci a ƙashi. Shafin talla da na wasiƙun masu karatu su ma suna aiki, musamman wajen koyon muryar mutum: rubuta amsar matar da ta sayi sabulun nan bai yi mata komai ba.

Bayan rubutu kowa ya karanta nasa da ƙarfi, masu sauraro su faɗi jimla ɗaya da ta tsaya musu a rai kafin a taɓa gyara. Gyaran ƙa'idar rubutu, irin raba "ya na" da ya kamata a haɗe ko mance ƙugiyar ƙ da ɗ, sai a zagaye na biyu. In ka fara da jan biro, mako mai zuwa rabin ajin ba za su dawo ba.

Ajiya ma sai da lura. Da hunturu gam yakan bushe tun kafin a manna, kwali ya kanannaɗe, fanka kuwa a kashe ta lokacin da ƙwarya take buɗe. Da damina laima da gara ne abokan gaba, don haka ambulan ɗin suna cikin bokitin roba mai murfi, a kan benci. Hoto yakan yi zama biyar ko shida kafin ɗalibai su haddace shi, sai a sauke shi a kawo sabo.

Sharaɗi ɗaya ne ba ma sassautawa a kansa: wanda zai sa labarinsa a Facebook ko WhatsApp, ya sa rubutun kaɗai. Mutumin da ke hoton yana da dangi, kuma bai san an mai da shi ɓarawon shanu a ajinmu ba.