Fom 86 ɗin da na cika kafin takardar izini ta fito

Har yau in na tuna fom ɗin nan sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya, wallahi. Ina aji huɗu wata malamarmu a sashen lafiyar al'umma ta ce tana neman ɗalibai biyu da za su yi aiki da ita kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bayarwa tun 2012, ga 'yan wata 3 zuwa 59. Masu rabo su ke ba yaro na ranar farko a gabansu, na rana ta biyu da ta uku kuma su bar wa uwa ta ba shi da kanta. Tambayarmu ita ce, ana ba da na kwana biyun nan kuwa? Aka ɗauke ni, na yi murna sosai, don har maganar fitar da aikin a mujalla da sunana a ciki ta yi min.

A watan Yuni muka kai takardunmu kwamitin ɗa'ar bincike, wanda shi ke ba da izini kafin a fara bincike a kan mutane. Shiru. Yuli ya wuce, aka yi rabon farko ina kallo, Agusta ya kama, Malama ta tafi taro, ni kuma ina lissafin cewa rabon nan wata huɗu ne kacal, in Oktoba ta wuce sai baɗi. Sai na ce ai tambaya ce kawai, ba jini zan ɗiba ba, ba allura zan yi ba, izinin ma dole zai fito. Na je na gaida mai unguwa, ya haɗa ni da wata dattijuwa muka riƙa shiga gida gida ina yi wa iyaye mata tambayoyi ina cika fom, sati biyu cikin caɓi, kuɗin adaidaita daga aljihuna.

Kuma fa na samo abu. A wani gida wata uwa ta ɗauko gwangwanin madara daga saman kwaba ta buɗe, ga ƙwayoyin nan a cikin ledarsu ba a ɓare ba, ta ce "'yar nan, yaro lafiyarsa ƙalau zan ɗura masa magani? Na ajiye sai ranar da jikinsa ya yi zafi." Ba ita kaɗai ta faɗa min haka ba.

Da Malama ta dawo na kai mata fom ɗin da rawar jiki. Kwanan watan da ke sama kawai ta duba ta ce takardar izini fa? Na ce ba ta fito ba tukuna, amma ranki ya daɗe in ta fito ai sai mu gyara kwanan watan. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni ko na san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da yara wajen 200, kusan rabinsu aka ba shi, maganar ta kai har kotu kan ko iyaye sun amince, kuma takardar izinin da aka nuna aka gano bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Ta ce wannan na cikin abin da mutane suka riƙa tunawa da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Ta ce fom ɗin nan ko ɗaya ba zai shiga aikinmu ba, kuma ita da kanta za ta sanar da kwamiti abin da ya faru.

Na yi kuka ranar. Haushin jinkirin kwamitin bai bar ni ba har yanzu, wata uku a kan tambayoyi shafi biyu gaskiya ya yi yawa. Amma da izinin ya fito a Satumba sai ga gyaran da suka yi, takardar amincewa dole ta zama da Hausa a karanta wa uwa ta sa hannu ko ta dangwala, kuma kar a rubuta suna a fom, lamba kawai. Ni kuwa duk 86 ɗin nan da sunan mata da na mazajensu na cika su, har da wadda ta nuna min gwangwani.

Duk wanda malami ya ɗauka aiki irin wannan, don Allah tun ranar farko ka tambaya yaushe kwamiti ke zama, ka kai takardunka wata huɗu ko biyar kafin lokacin fita, musamman in abin da kake bincike na damina ne. In malaminka ya yi tafiya ka tura masa saƙo kafin ka taka ƙafa ko gida ɗaya, da na tura layi biyu a WhatsApp da ban yi asarar sati biyu ba.

A rabon Oktoba muka sake fita, wata unguwa daban, da takarda a jakata. Mun samu abin da ya isa rubutu, amma maganar matar nan mai gwangwani ba ta cikin aikin, kuma ita ce ta fi kowa bayyana min dalilin.