Mindar da ba suna a bayanta

Jiya wani abokina mai son tara tsofaffin kayan soja ya miƙo min wata minda da ya saya ta intanet, wai in riƙe in ji. Tauraro ne mai tsini 6, ruwan tagulla, duk ya dushe, ƙyallen da ke maƙale da shi ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. A jiki an rubuta The Burma Star. Ita ce Ingila ta ba sojojin da suka yi yaƙin Bama daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945, ciki har da runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka sha daji da damina suna fafatawa da Japanawa.

Sai na juya bayanta don in ga ko ta waye. Wallahi ba komai, sumul. Na ce masa ko gogewa ya yi? Ya yi dariya ya ce ai haka aka raba su, a yaƙin duniya na farko Ingila ta buga suna da lambar kowane soja a mindarsa, amma a na biyu ba ta buga ba, Indiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu ne suka buga wa nasu. Abin ya tsaya min a rai fa, mutum ya je ya yi fama da harsashi da zazzaɓin cizon sauro, ƙila ma abokinsa ya faɗi a gabansa, a ƙarshe a ba shi ƙarfen da in ya ɓata ba mai iya cewa nasa ne, ga shi yau yana hannun mu da ba mu san ko launin fatarsa ba.

Da ni duk ɗaya na ɗauke su, in na ga tsohon soja ƙirji fal da lambobi sai in ce kai wannan ya kashe mutane da yawa. Ashe ba haka ba ne. Irin su Burma Star shaida ce kawai ta cewa kana wurin, ka taka filin. Ta jarumtaka daban take, kamar Victoria Cross da aka ƙirƙiro a 1856 zamanin Sarauniya Victoria, ita kam ana rubuta sunan mai ita da ranar da ya yi bajintar, kuma tun da aka fara ba a kai mutum 1,400 da suka samu ba, mutum 3 kacal suka taɓa samunta sau biyu. Da yawa ma iyalansu ne suka karɓa don su sun riga sun tafi.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Purple Heart ta Amurka, wadda ake ba wanda aka ji wa rauni ko aka kashe. Gab da ƙarshen yaƙin duniya na biyu, lokacin da suke shirin afka wa Japan ta ƙasa, sai suka buga ta da yawan gaske, wato tun kafin a harbi kowa an riga an lissafa jinin da za a zubar. Japan ta miƙa wuya, harin bai yiwu ba, aka bar kusan dubu 500 a ajiye, daga cikinsu aka yi ta rabawa a yaƙin Koriya da na Biyetnam. Ka ji fa, minda tana kwance cikin akwati tana jiran yaron da ba a ma haifa ba.

Na mayar masa da tauraronsa, ya naɗe shi cikin auduga ya sa a ƙaramin gwangwani. Na ce me zai rubuta a takardar da yake liƙa wa kowacce, ya ɗan yi shiru, sai ya rubuta Bama kawai.