Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ka Zo, Amma Ba Ka Iso Ba

Makon jiya na yi alkawarin shiga labarin shekarun da na yi ina aiki nesa da gida. Ku yi haƙuri, ba zan shiga ba, babu komai a cikinsu sai aiki da barci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da Yaya ya sake yi a gaban yara, wai har yanzu ina nan da zaman kashe wandon nan nawa na safe.

Zaman da yake nufi bai wuce minti 20 ba. Ina zama a kujera, baya a miƙe, waya a wani ɗaki, in bi numfashina yana shiga yana fita. Kafin numfashi biyar hankali ya sulale, ya tafi wurin bashi ko wata baƙar magana da aka gaya mini tun ina saurayi. In na lura ya tafi, sai in dawo da shi, ba faɗa ba tsaki. Ya sake tafiya, in sake dawo da shi.

Yaya yana gaya wa mutane wai likita ne ya tsorata ni da hawan jini. Ba haka ba ne, kuma ya sani. Duk wanda ya tashi a gaban Baba ya san abin da yake cewa in ka durƙusa gaishe shi idonka na kan ƙofa: "Ka zo, amma ba ka iso ba." Ba ya ɗaga murya. Shi kuwa in ka zo masa da magana, ko ta fensir ɗinka da ya ɓata ce, sai ya kashe rediyo, ya cire tabarau ya naɗe, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ba ya katse ka, ba ya shirya amsa kana cikin magana. Tun da ya rasu ban sake samun wanda ya saurare ni haka ba. Abin da nake nema a kujerar nan ke nan, in zama irin wannan mutumin ga 'ya'yana.

Da lafiya kawai nake bi, da na sayi takalmin gudu. Gaskiya ne a asibiti irin wannan zaman ya yi suna: wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka a 1979, ya ɗauko hanyar daga malaman addinin Buddha, ya cire ibadar, ya riƙa koya wa masu ciwon da ya ƙi jin magani, mako 8, minti 45 kullum. Amma da masu bincike suka tattara gwaje-gwaje 47 a 2014, abin da suka samu sauƙi ne matsakaici a damuwa, baƙin ciki da raɗaɗi, kuma ba su ga ya fi motsa jiki ba. To, gara Yaya ya daina cewa tsoron mutuwa ne.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Jami'ar Harvard ta Amurka a 2010. Mutum 2,250 aka riƙa aika wa tambaya ta waya a lokuta daban-daban: me kake yi, kuma ina hankalinka? Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin yana wani wuri, kuma a lokutan nan mutane sun fi rashin jin daɗi. Baba bai taɓa jin sunan Harvard ba. Ka zo, ba ka iso ba.

Gwaggo, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce da ni tun farko, "Kai ɗan nan, ba ka riƙe abu, wata ɗaya za ka bari." Ban ji haushinta ba, ita ta goya ni. Sai dai wata ɗaya ma ba ma'auni ba ne. Wani bincike da aka yi a Landan kan yadda abu ke zama jiki ya nuna matsakaicin kwana 66, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana guda ba ya rushe ginin. Ranar da na makara, in yi minti uku a bakin gado in tashi. Natsuwa ma ba kullum take zuwa ba, wata safiyar kai kamar kasuwa yake ci har in miƙe. Da ita nake jira, da maganar Gwaggo ta tabbata.

Na tsallake wani abu. Shekarar da aka haifi autata, na tsinci kaina ina gaya wa babban ɗana maganar Baba, kalma da kalma, har da yadda yake jan "iso". Yaron ya dube ni ya ce, "Abba, me ake yi a iso?" A lokacin ban da amsar da zan ba shi. Yanzu in autar ta zo da labarin ƙawarta da ta ƙi ba ta aron abin gogewa, ina kife waya, in juyo, in ji lokacin da hankalina ke neman zamewa in riƙo shi.

Shi kuma Yaya, in abu ya dame shi da dare, cikin mu duka ni yake kira. Ya yi awa guda yana magana, ba na cewa komai sai "to" da "ina ji". Washegari a taron gida ya ce kashe wando. Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka yi da rediyon Baba, don nan ma akwai magana.