Godiya bayan taron yara na bana da abin da ya sami tafkinmu

Assalamu alaikum. A madadin shugabanni da membobin ƙungiyarmu ta mafarauta, masunta da masu kare daji, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, ya sa aljihu ko ya sa baki har taron yara na bana, inda muke koya musu fatsa, ƙa'idojin riƙe bindiga da kula da daji, ya yiwu. An ce yaba kyauta tukwici, mu kuwa ba mu da wani tukwici da ya wuce wannan rubutu. Zan ɗan tsawaita, domin da yawa daga cikin iyayen da suka kawo 'ya'yansu sun ga komai ya tafi lami lafiya, ba su san saura ƙiris a soke taron ba.

Ana saura 'yan kwanaki, mai gadin tafkin ya buga waya da asuba, muryarsa na rawa, ya ce a zo a ga kifi. Waɗanda suka fara isa sun tarar da karfasa sun taso sama gaba ɗaya, sun yi cincirindo a inda ruwa ke shigowa, suna ta buɗe baki a saman ruwan. Manyan kuwa tuni wasunsu sun juya ciki sama. Kafin hantsi magana ta bazu cewa guba aka zuba mana, har an fara nuna yatsa. Da an bar maganar nan ta yi kwana biyu, da ta haddasa gabar da za a daɗe ba a kashe ta ba.

Shi ya sa godiyarmu ta farko take zuwa ga malamar kimiyyar da ke cikin membobinmu. Ta tsaya a bakin ruwa ta ce kowa ya yi haƙuri ya duba da idonsa. Waɗanne ne suka mutu? Manya. Ƙanana fa? Suna nan suna fama. Tarwaɗa fa? Ko a jikinta. Ta ce idan guba ce, galibi ƙananan kifi take fara kwashewa, kuma ba ta zaɓen lokaci. Amma idan aka ga manya ne ke fara mutuwa, kuma da asuba, tarwaɗa tana yawonta domin ita tana iya tasowa ta shaƙi iskar waje, to numfashi ne ya ƙare a cikin ruwan. Sai ta warware mana yadda abin ya faru. Ruwan saman da aka yi mai ƙarfi ya wanko takin zamani daga gonakin da ke sama ya zuba a tafkin. Takin ya ciyar da gansakuka, ruwan ya koma kore shar. Da rana gansakukar tana sakin iskar oksijin, da dare kuma tana shanye ta tare da kifin. Sai aka samu kwanaki a jere na zafi da hadari, ba rana sosai, ba iska mai kaɗa ruwa. Ga shi ruwa mai ɗumi dama bai riƙe oksijin da yawa: a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a 30 kuwa wajen 7.5 ne iyakarta. Idan abin ya sauka ƙasa da miligiram 2, yawancin kifi ba sa kai labari, kuma gab da fitowar alfijir ne yake kaiwa maƙura. Malama, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Kin ceci kifi, kin kuma ceci zumunci.

Daga nan sai aiki. Manoman da ake shirin zargi su ne suka fara kawo injinan ban ruwansu, alhali su ma suna da buƙatarsu a gona. An kafa su a gaɓa, ana jan ruwa daga sama-sama ana fesa shi cikin iska ya dawo cikin tafkin. Wani dattijo a cikinsu ne ya hana a zura tiyo har ƙasa, ya ce laka za a tayar, a ƙara dagula lamarin, malama kuma ta gaskata shi. Matasanmu suka raba dare a tsakaninsu, domin daga tsakar dare zuwa fitowar rana ne bai kamata inji ya mutu ba. Wanda bai taɓa kwana a bakin ruwa da sauro da ƙarar inji yana gadin mai ba, ba zai san nauyin wannan ba.

Akwai kuma aikin da babu mai son a tuna masa. Kifin da ya mutu dole a tsame shi, domin idan ya ruɓe a ciki zai ƙara cinye ɗan numfashin da ya rage wa masu rai. Mutanen da suka shiga kwale-kwale da koma suna kwasa, da waɗanda suka haƙa rami nesa da ruwa suka binne, sun yi ta fama da wari har tufafinsu sai da aka zubar. Babu hotonsu ko ɗaya a cikin waɗanda ake ta yaɗawa. Ni dai a wurina su ne gwarazan bana.

Da ruwan ya fara dawowa daidai, aka zauna a kan maganar taro. Wasu suka ce a ɗaga, me za a nuna wa yara a tafkin da ya yi wannan asara? Wasu suka ce ai shi ne ma abin nunawa. An ɗan ɗaga murya, ba zan ɓoye ba, amma aka tsaya a kan cewa ba za a jefa ƙugiya ko ɗaya a tafkin ba, tunda kifin da ya tsira a galabaice yake, kamawa da saki ma wahala ce a gare shi. Mai gonar da ke bakin rafi ya buɗe mana ƙofarsa aka mayar da fatsa can, bai nemi komai ba sai dai a rufe masa shinge idan an fita. Mun gode, Allah ya albarkaci gonar. Yaran kuma an fara kai su tafkin, aka ɗebo ruwansa a kwalba aka ajiye kusa da na rafi, malama ta bar su su faɗi bambancin da kansu. Tambayoyin da suka yi ta jefowa sun fi ƙarfin wasunmu manya.

Sai dattawanmu maharba. Na san ba ƙaramin abu ba ne mutumin da ya shekara da shekaru yana shiga daji ya yarda ya wuni da yara ba tare da harsashi ko ɗaya a wurin ba, amma haka muka roƙa, haka kuma suka yi. Ƙa'idojin da suka koyar ba su da yawa: kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar harbi ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an daidaita, kuma ka san abin da kake nufi da abin da ke bayansa. Faɗarsu ba wuya. Yadda ɗaya daga cikinsu ya dasa ta farko a zuciyar yaran ne ya tsaya mini a rai. Ya ɓalle bindigar a gabansu, ya leƙa, ya nuna wa kowa babu komai, ya rufe, ya miƙa wa wani yaro. Yaron ya karɓa da murna zai ɗora a kafaɗa, sai dattijon ya riƙe ta.

"Ɗana, ka duba?"

"Baba, ai yanzu ka duba a gabanmu."

"Idona ne ya gani. Naka fa?"

Ya karɓe ta, ya mayar da yaron ƙarshen layi. Babu tsawa, babu zagi. Duk wanda ya biyo baya sai da ya buɗe ya leƙa kafin ya ɗaga, shi ma yaron da layi ya sake zagayowa kansa bai bari an tuna masa ba. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wani uba ya ja ni gefe ya tambaye ni, cikin ladabi, yaya za a yi ƙungiya ɗaya ta haɗa masu harbin dabba da masu kare ta. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin abin da dattawan suka fi ba lokaci a ranar. Abin da suka koyar game da harbi bai kai rabin abin da suka koyar game da fasa harbi ba: yadda ake gane sawun uwa mai tafe da ɗanta, lokacin da tsuntsaye ke kwanci a bar su, dalilin da ya sa ba a cinna wa daji wuta don a koro nama. Jami'an kula da namun daji da suka amsa gayyatarmu sun ƙara da bayanin lasisi da watannin da doka ta rufe farauta, muna gode musu da suka zo a ranar hutunsu. Ɗaya daga cikinsu ya ba yaran labarin wata irin kurciyar daji da ta taɓa cika Arewacin Amurka, biliyoyinta, garkenta kan rufe rana idan yana wucewa. Aka yi ta harbinta ana kai wa kasuwa, ana kuma sare dazukan da take kwana, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun dajin birnin Cincinnati na ƙasar Amurka ranar 1 ga Satumba, 1914. A ƙasar ce kuma a 1937 aka kafa dokar da ta ware harajin bindigogin farauta da harsashi don farfaɗo da namun daji, maharba na cikin waɗanda suka goyi bayanta. Ni ina ganin maharbin da ya san daji ya fi kowa saurin lura idan abu ya fara ƙaranci, matuƙar an same shi da tsoron Allah da bin doka. Wanda ba shi da waɗannan biyun kuwa ba ma ba shi katin ƙungiya.

A bakin rafi masuntanmu sun yi nasu. Tun daren taron suka zauna da filaya suka matse ɗan kunnen nan na kowace ƙugiya, don ta fita daga bakin kifi ba tare da ta yaga shi ba. Sun koya wa yaran su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, saboda yauƙin da ke jikinsa shi ke tsare shi daga cuta, busasshen hannu kuwa goge shi yake yi. Sun hana a ajiye shi a kan yashi, sun hana a daɗe da shi a waje don ɗaukar hoto. Matse kunnen ƙugiyar ya yi rana ta wata hanyar ma: wata yarinya ta soke yatsarta, ma'aikaciyar jinyar da ta zo mana kyauta ta zare ta cikin sauƙi, ta wanke, ta ɗaure, ta tambayi mahaifiyar batun allurar rigakafi, yarinyar ta koma kan fatsarta. Ita ce ma ta kama kifi mafi girma a ranar, samarin har yanzu ba su huce ba.

Mun gode wa wanda ya sauya mana duk dalmar da ake ɗaura wa zaren fatsa da ta ƙarfe. Wasu sun ɗauka ƙawa ce. Tsuntsayen ruwa kan haɗiyi tsakuwa don niƙa abinci a ƙundunsu, idan suka tsinci dalma a maimakonta sai ta niƙe a ciki ta zama guba. Saboda haka ne Birtaniya ta hana sayar da yawancin ƙananan dalmar fatsa tun 1987, Amurka kuma ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a faɗin ƙasar tun 1991. Ba sai mun jira doka ta tilasta mana ba. Yaran da suka bi gaɓa suna tsintar tsohon zaren roba su ma sun ga dalili da idonsu, da aka tarar da zalɓe ya nannaɗe da shi a ƙafa, aka rufe masa kai da ƙyalle aka yanke zaren ya tashi.

Iyaye, ku ne kuka ba mu amanar abin da kuka fi so. Muna godiya ta musamman ga waɗanda suka bar 'ya'yansu mata suka zo, da matan ƙungiya da suka tsaya a kansu daga farko har ƙarshe. Na san wasu sun ji haushin tsayuwar da aka yi a bakin ƙofa ana gwada wa kowane yaro rigar kariya daga nutsewa, ana kama kafaɗunta a ɗaga a ga ko za ta zame ta wuce haɓa. Wadda ta yi wa yaro yawa ba ta da maraba da babu, don haka baɗi ma haka za a yi, sai dai za mu ƙara masu gwadawa don layin ya yi sauri. Direbobin da suka yi jigila, da waɗanda suka kawo ruwan sha da rumfuna, da wanda ya ba da aron madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban ambaci suna ba saboda da yawanku kun roƙi kada a ambata.

Ga abin da ya rage a gabanmu. Tafkin zai ci gaba da zama a rufe har sai malama da masuntanmu sun gamsu cewa kifin ya murmure, muna roƙon kada kowa ya saci jiki ya je da dare. Manoman da ke sama sun amince za su bar zirin ciyawa tsakanin gonakinsu da ruwa don ya riƙa tare taki da ƙasa idan an yi ruwan sama, za mu je mu taya su shata iyakarsa. Itatuwan da yara suka dasa a gaɓa suna buƙatar ban ruwa da kariya daga dabbobi, jadawalin yana hannun shugaban matasa, kuma akwai guraben da ba a cike ba. Muna kuma neman na'urar auna oksijin ta ƙungiya, domin wadda aka yi amfani da ita aro ce kuma an mayar.

Fita ta gaba da yara ita ce ƙidayar tsuntsaye ranar 2 ga Fabrairu, ranar da duniya ta keɓe wa fadamu da dausayi don tunawa da yarjejeniyar kare su da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Za a buɗe rajista a zama mai zuwa. Injin ban ruwa guda ɗaya yana nan a ma'ajiyarmu an gyara masa tiyo, mai shi ya zo ya ɗauka, haka kuma akwai takalma da huluna na yara da aka manta, suna wurin mai gadi.

Allah ya bar zumunci, ya raya mana yaran nan. Wassalam.

Sakataren ƙungiya