Koyar da Kemistiri a Jami'ar da Kowa Ya San Kowa

Jami'ar da nake koyarwa tana cikin sababbin jami'o'in tarayya tara da aka kafa a shekarar 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Da na kama aiki a sashen kemistiri, a harabar wucin gadi muke, ɗakin gwaje-gwajenmu guda ɗaya ne tak, malamai kuwa tabarma biyu ta ishe mu zama.

Kowa da inda ya fito. Shugaban sashe dattijo ne da ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zo mana hutun nazari na shekara guda, daga baya ya zauna. Akwai matasa biyu da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya tura Malesiya suka yo digirin digirgir, sun dawo da sanin manyan na'urorin da ba mu da su. Akwai wata malama da ta daɗe tana koyarwa a sakandaren 'yan mata kafin ta ƙaro karatu, ita ce ta fi mu duka gane inda yaro ke cijewa. Sai kuma ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, wanda muke ce wa Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kaduna da ya baro bayan masaƙun sun durƙushe. Takardarsa difiloma ce, amma a wurinsa na ga yadda ake haɗa ruwan asid daidai ma'auni, da dalilin da ya sa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan aji ɗaya. Yaro zai zo da kyakkyawan sakamako a WAEC ko NECO, ya karanto maka dokar Boyle tiryan-tiryan, amma ka miƙa masa bureti, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake sakin ruwa da shi ɗigo-ɗigo, sai hannunsa ya kama rawa. Da yawansu a allo kaɗai suka taɓa ganinta. Ba laifinsu ba ne.

Malamar nan ce ta kawo shawarar mu fara da abin da suka baro a madafin iyayensu. Muka aika kasuwa aka sayo soɓorodo da kanwa da lemon tsami. Muka jiƙa soɓorodon muka tace, aka rarraba a ƙananan kwalabe. Wanda aka ɗiga wa lemon tsami sai jansa ya ƙara haske. Wanda aka ɗiga wa ruwan kanwa sai ya yi duhu, ya rikiɗe ya nufi kore. Wata ɗaliba daga can baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe shi ya sa Umma ke jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami?" Na ce mata wannan shi ne darasin yau gaba ɗayansa: asid ɗin yakuwa ya haɗu da kabonet ɗin da ke cikin kanwa, suka kashe juna. Mako na gaba kowa ya auna ƙarfin kanwar da aka sayo da bureti, yana sakin asid ɗigo-ɗigo har launi ya juya. Sakamakon ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, domin kanwa ba tataccen sinadari ba ce, tana tafe da gishiri da ƙasa. Daga nan muka shiga maganar kuskuren awo, kuma a karon farko na ga suna gardama a kan lamba.

Ga manyan ɗalibai nakan ɗauko maganar Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Duk wanda ya ji wannan ba ya sake tambayar amfanin koyon auna ƙarfe a cikin ruwa da ƙasa. Na'urar wannan awon ba mu da ita, don haka 'yan ajin ƙarshe sukan ɗauki samfurin ruwan rijiyar garinsu su kai Zariya ko Kano. Tafiya ce mai cin kuɗi, amma suna yi.

Ƙanƙantar wurin tana da daɗinta. Da ɗaliban nan muke sahu ɗaya a masallaci, teburin mai shayi ɗaya muke haɗuwa a bakin ƙofa, idan ɗaya ya kwana biyu bai zo aji ba sai na lura, na aika a dubo shi a ɗakin kwanansu. Bayan yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai daga Fabrairu zuwa Oktoba, wasu ba su dawo ba. Mun bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, domin mun san sunayensu, wasu ma mun san iyayensu.

Ganin irin kulawar da 'yan aji ɗaya ke buƙata ne ya sa nake dagewa a taron sashe cewa kada a riƙa jibga wa sabon malami darasin gwaji na 'yan aji ɗaya shi kaɗai. A bana shugaban sashe da kansa ya karɓi rukuni guda, Baba yana tsaye a gefensa.