Fayilolin taimako na tsofaffin manhajoji a kan sabuwar Windows: abin da aikin ya koyar

Akwai manhajojin da aka rubuta tun zamanin Windows 98 da XP waɗanda har yau ake cin abinci da su: na lissafin kuɗi, na sarrafa injin buga takardu, na na'urorin awo a ɗakin gwaji. Ana ɗora su a Windows 10 ko 11 su tashi lafiya lau, sai ranar da aka danna F1 don neman bayani. Maimakon littafin taimako, sai burauza ta buɗe wani shafin Microsoft mai cewa ba a goyon bayan wannan nau'in taimako. Wani lokaci kuma tagar ta buɗe, jerin babuka na hagu yana nan, amma ɓangaren dama fari fat.

Waɗannan cututtuka biyu ne daban, kuma darasin farko shi ne a duba ƙarshen sunan fayil kafin a taɓa komai. Wanda ya ƙare da .hlp shi ke kai mutum shafin Microsoft, wanda ya ƙare da .chm kuma shi ke fitowa fari. Ana ɓata awanni ana ba mai ciwon kai maganin ciwon ciki saboda rashin wannan dubawa.

Na .chm ya fi sauƙi, don haka a fara da shi. Tsarin ya fito a 1997, kuma shafukan HTML ne aka matse cikin fayil guda. Abin da ke buɗe shi, hh.exe, yana nan cikin Windows 11 daram. Idan ɓangaren dama ya fito fari, galibi Windows ce ta yi wa fayil ɗin tambarin cewa daga intanet ya fito. Tambarin ɓoyayye ne, sunansa Zone.Identifier, yana maƙale da fayil a faifai mai tsarin NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayilolinta. Sai a danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a ƙasan shafin General a sa alama a Unblock. Idan fayilolin suna da yawa, umarnin Unblock-File na PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, zai cire musu tambarin gaba ɗaya. In a cikin zip suka zo, a cire wa zip ɗin tambari kafin a kwance shi, in ba haka ba kowane fayil zai fito da nasa. Wannan ne ma dalilin da ya sa wani fayil ke ƙin buɗewa a kwamfuta amma ya buɗe bayan ya bi ta filas: filas mai tsarin FAT32 ba ta iya riƙe tambarin.

Sauran abubuwa biyu da ke kawo farin shafi: alamar # a sunan folda, domin mai buɗe fayil ɗin yana ɗaukar ta a matsayin wani ɓangare na adireshin shafi, da kuma ajiye fayil a foldar da ake rabawa ta netwok. Na biyun ya samo asali daga gyaran tsaro na 2005, MS05-026, wanda ya hana .chm aiki daga wata kwamfuta. Akwai hanyar sassauta shi a rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows), ta ƙimar MaxAllowedZone ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\HTMLHelp\1.x\ItssRestrictions, amma kwafo fayil ɗin zuwa faifan kwamfutar ya fi aminci, kuma minti ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne .hlp. Wannan tsari, WinHelp, ya zo da Windows 3.0 a 1990, kuma da RTF, wani tsarin fayilin rubutu, ake gina shi. Daga Windows Vista Microsoft ta cire winhlp32.exe na gaske, wato manhajar da ke buɗe .hlp. Dalilinta ba na wasa ba ne: fayil ɗin .hlp yana iya ɗauke da umarnin da zai tayar da wata manhaja ko ya kira DLL (fayil mai ɗauke da lambobin aiki na manhaja), wato bambancinsa da .exe kaɗan ne ta fuskar haɗari. Duk da haka ta bar ƙofa a buɗe, ta fitar da KB917607, kunshin da ke dawo da winhlp32.exe, don Vista, 7, 8 da 8.1. A Windows 10 ta rufe ƙofar. Fayil mai suna winhlp32.exe da ke cikin C:\Windows a yau fanko ne, aikinsa kawai ya tura mutum wancan shafi.

Ga mai Windows 7 ko 8.1, a ɗora KB917607 wanda ya dace da injin, na Windows mai bit 32 ko mai bit 64. Bayan an ɗora, wasu maɓallan cikin littafin za su ƙi aiki, domin an kashe umarnin cikin fayil tun daga tushe. Ana kunna su a rajista da ƙima nau'in DWORD mai suna AllowProgrammaticMacros, a ba ta 1, ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\WinHelp. A inji mai 64 kuwa wurin yana ƙarƙashin Wow6432Node, kuma nan ne mutane ke yawan kuskure: su rubuta a wurin da ba a karantawa, su ce bai yi ba.

A Windows 10 da 11 hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a maye gurbin fankon da na gaske. Ana kwance kunshin KB917607 na Windows 8.1 da umarnin expand -f:*, a fitar da winhlp32.exe da fayilinsa na harshe, winhlp32.exe.mui, wanda ke shiga foldar harshe kamar en-US, da ftsrch.dll wanda in babu shi shafin bincike ba zai yi ba. Fankon mallakar TrustedInstaller ne, wani asusun Windows na ciki mai kula da fayilolinta, don haka ko mai cikakken iko ba zai iya goge shi ba sai ya karɓe shi da umarnin takeown sannan ya ba kansa izini da umarnin icacls. Yana aiki. Sai dai gyara ne da ba ya daɗewa: babbar sabuntawar Windows takan mayar da fankon, haka ma sfc /scannow, umarnin gyara fayilolin Windows, domin a wurinsa fayil ɗin da aka canza lalatacce ne. Wanda ya yi wa ofis wannan aiki ya san za a sake kiransa. Ga kuma cewa Microsoft ba ta yarda a riƙa rarraba winhlp32.exe ba, shi ya sa kwafin da ke yawo a shafukan sauke kaya ba su da asali, kuma sa irinsu cikin C:\Windows sayen biri a sama ne.

Akwai tsaka-tsaki. A ajiye winhlp32.exe na kwamfuta mai XP a wata folda ta daban, a ce wa Windows ta riƙa buɗe .hlp da shi. Ba a taɓa fayilolin Windows ba, sabuntawa ba za ta rushe shi ba. Raunin shi ne F1 daga cikin manhajar zai ci gaba da neman na C:\Windows, don haka sai a sa wa ma'aikaci gajeriyar hanya zuwa littafin a fuskar kwamfuta.

A lura kuma .hlp ba ya tafiya shi kaɗai. Fayil ɗin .cnt shi ke ɗauke da jerin babuka, in an bar shi a baya shafin Contents zai ɓace. Shi kuma .gid ɓoyayyen fayil ne da WinHelp ke ƙirƙira a buɗewar farko. Idan tsohon .gid ya biyo kwafi daga wata kwamfuta, ko littafin ya fara rikicewa, a goge shi, za a sake gina sabo.

Wata matsalar ta fi shafar masu tsofaffin manhajojin Larabci na karatun addini. Littafin zai buɗe, amma haruffan su fito birkice, alamomi marasa ma'ana. Fayil ɗin bai lalace ba. An rubuta shi ne da tsarin haruffa na Windows-1256 kafin Unicode ya zama ruwan dare. A Control Panel, ƙarƙashin Region, shafin Administrative, a canza harshen manhajojin da ba su san Unicode ba zuwa Larabci, a kashe kwamfutar a kunna. Saitin na dukan kwamfutar ne, don haka wata tsohuwar manhajar Faransanci da ke kai na iya rasa haruffanta masu alama.

A ganina, idan bayanin littafin yana da daraja, kamar teburin lambobin kuskure na inji ko matakan saita na'ura, abin yi shi ne a fitar da shi daga tsarin gaba ɗaya, sau ɗaya. Ƙaramar manhajar HelpDeco tana kwance .hlp ta mayar da shi RTF da hotunansa da fayilin aikin .hpj. RTF ɗin yana buɗewa a Word, daga nan a mayar da shi PDF wanda ko a waya za a karanta shi a gaban injin. Mai son .chm sai ya ba HTML Help Workshop fayilin .hpj ya juya, sai dai ƙananan tagogin bayani da maɓallan umarni sukan buƙaci gyaran hannu. Shi .chm kansa 7-Zip na kwance shi kamar zip, haka ma umarnin hh.exe -decompile, wanda ba ya jituwa da folda mai tazara a sunanta.

Idan kuwa manhajar kanta ta zamanin bit 16 ce, Windows mai 64 ba za ta tayar da ita ba sam, kuma Windows 11 ba ta da sigar 32. Nan sai kwamfutar cikin kwamfuta: manhajar VirtualBox, wadda ke kwaikwayon wata kwamfuta daban, da XP a ciki, inda F1 ke aiki yadda aka gina shi. An daina yi wa XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, don haka a kashe mata katin netwok a saitin VirtualBox, a riƙa miƙa mata fayiloli ta hoton faifai na ISO ko filas guda da aka keɓe mata.